Darar Walƙiya A Bauchi: Yawan Wasa Ba Shi Ne Gwaninta Ba

Dara ba baƙuwa ba ce a birnin Bauchi. Tun zamanin kaka da kakanni dattawa kan haƙa gurabu talatin a ƙasa a gindin bishiya, kowa ya riƙe 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da tsinke, a yi ta ɗauki ba daɗi har la'asar. To amma wata darar ce dabam ta shigo hannun samari a 'yan shekarun nan, watau darar nan mai gida 64 wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, Turawan Ingila kuma su ce ces. Ba a kan allo ake yin ta ba, a cikin wayar hannu ne. Ɗalibi yana zaune a ɗakinsa a Yelwa ko a Gwallameji, abokin karawarsa yana can Indiya ko Birazil, ba su taɓa ganin juna ba, kafin shayi ya huce an gama, wani ya ci, an cinye wani.

Shi kansa wasan yana da tsohon tarihi a wannan yanki. A shekarun 1930 Turawa biyu, C. K. Meek da P. G. Harris, sun rubuta bayanin irin shaɗaranjin da ake yi a Barno, wanda ake kira tsatsarandi, inda aka raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen sarautu irin su Mai da Ciroma da Kaigama. Abin da yake sabo shi ne saurin. Dandalin Chess.com ya soma aiki a 2007, Lichess kuma a 2010, wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya kafa shi, kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, masu wasa suka yawaita ƙwarai a duniya baki ɗaya.

A ƙa'idar FIDE, hukumar wasan ta duniya wadda aka kafa a birnin Faris a 1924, in lokacin da aka ba kowane ɗan wasa bai wuce minti 10 ba, wasan ya zama na walƙiya. Wanda ya fi wannan amma bai kai awa guda ba, shi ne na hanzari. Akwai kuma wanda masu intanet ke kira harsashi, na minti ɗaya ko biyu, wanda a gaskiya ya fi kusa da gasar yatsu. Matsalar da ke damun yawancin masu wasan walƙiya iri ɗaya ce: mutum ya yi wasa dubu biyu ko uku, ya ƙona kuɗin data, ya raba dare, amma makinsa yana nan inda yake tun bara. Sai ya soma zaton ko basirarsa ce ta ƙare. Galibi ba haka ba ne.

ABIN DA MAKI KE FAƊA

Wajibi ne a fara da fahimtar makin nan da ke gaban sunan kowane ɗan wasa. Asalin tsarin na wani malamin kimiyya ne, Arpad Elo, FIDE kuma ta karɓe shi a 1970. Dandalin intanet suna amfani da gyararren tsari na Mark Glickman. Maki ba ya auna ilimin mutum, yana auna sakamakonsa ne kawai a tsakanin waɗanda yake karawa da su. A lissafin Elo, wanda ya fi abokinsa da maki 100 ana sa ran ya kwashi kashi 64 cikin 100 na sakamakon wasanninsu. In tazarar ta kai 200, sai ya zama kashi 76, in ta kai 400, kashi 91. Ashe ke nan ko wanda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba yakan sha kashi jefi-jefi, hawa da saukar maki hamsin a mako guda kuwa ba labari ba ne.

Har ila yau, makin wannan dandali ba ya daidai da na wancan. Lichess tana ɗora sabon shiga a kan 1500 tun bai taɓa komai ba, ta sa alamar tambaya a gaban makin har sai ya yi wasanni da dama. Saboda haka gardamar da samari kan yi a majalisa, wannan ya ce shi mai 1700 ne, wancan ya ce 1300, alhali ba a dandali ɗaya suke ba, gardama ce ta wanda ya auna da mudu da wanda ya auna da tiya.

AWON GASKIYA

Awon da ke da amfani shi ne wanda mutum zai yi wa kansa da takarda da alƙalami. Dandalin suna ajiye kowane wasa, taku bayan taku, har da daƙiƙoƙin da aka ɓata a kan kowane taku. Sai mai wasa ya ɗauko wasanni talatin na baya-bayan nan da aka cinye shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a kowanne ya rubuta dalili guda. Nan lokaci ne ya ƙare masa alhali yana gaba. Nan ya ajiye doki a inda za a ɗauke shi a banza. Nan an yi masa tarko tun a buɗin wasa. Nan ya kai ƙarshe da rinjayen dakare guda amma ya kasa kai shi gida. Nan kuwa layin sadarwa ne ya yanke, ko caji ya ƙare. In ya gama ya ƙirga, zai ga dalili ɗaya ko biyu sun cinye mafi yawan takardar, kuma sau da yawa ba su ne waɗanda yake zato ba.

A nan ne fa ake samun kuskuren da ya fi yawa. Da an cinye mutum sai ya danna maɓallin bincike, manhajar Stockfish ta jera masa alamomin tambaya, ya kaɗa kai, ya shiga sabon wasa. Bai koyi komai ba. Na'ura ta daɗe da fin ɗan Adam ƙarfi a wannan fage, tun da Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov a 1997, amma ita na'ura tana faɗin takun da ya fi ne kurum, ba ta sanin abin da ke cikin zuciyar mai wasa lokacin da ya yi nasa. Mikhail Botvinnik, wanda ya fara riƙe kambin duniya a 1948, wanda kuma Kasparov da Vladimir Kramnik suka yi karatu a makarantarsa, babban abin da ya riƙa ɗora almajiransa a kai shi ne su yi nazarin wasanninsu da kansu, su soki kansu ba sani ba sabo. Hanyar ita ce mutum ya fara bin wasan da idonsa, ya nuna inda yake jin al'amari ya juya, ya rubuta abin da ya kamata ya yi, sa'an nan ya tambayi na'ura. Inda ra'ayinsa da nata suka saɓa, nan darasin yake.

Ga wanda makinsa bai kai matsakaici ba, abin da takarda kan nuna shi ne kyauta: ana zubar da 'ya'ya ba gaira ba dalili. Ƙimarsu sananniya ce. Dakare ɗaya ne, doki uku, giwa uku, soro biyar, sarauniya tara. Wanda ya yar da doki ya yi asarar dakaru uku a taku guda, babu wata dabarar buɗin wasa da ya haddace da za ta biya wannan bashi. Maganin ba shi da wani asiri. Kafin hannu ya kai ga waya, a tambayi kai abin da takun abokin karawa na ƙarshe yake nufi, sa'an nan a duba ko wurin da za a ajiye ɗa yana da mai tsaro. Yana cin daƙiƙa biyu, kuma shi ne abin da mai gaggawa ya fi ƙi.

A ɗauki misalin tarkon nan da ake yi wa sababbin shiga kullum. Fari ya tura dakarensa zuwa e4, baƙi ya amsa da e5. Fari ya fito da sarauniya zuwa h5, baƙi ya kai doki c6. Fari ya kai giwa c4. In baƙi ya ga sarauniya ya yi kwaɗayin korarta da doki zuwa f6, sai ta faɗa f7, sarki ya mutu a taku na huɗu. Da ya tsaya ya tambayi kansa abin da giwa da sarauniya suke hange tare, da ya tura dakare zuwa g6, shi ke nan, sarauniya ta koma da baya, fari ne ya yi hasarar lokaci. Dara ta ci gida.

Me ya sa manyan gwanaye ke iya wasa mai kyau cikin minti uku? Amsar tana cikin binciken da Adriaan de Groot ɗan ƙasar Holan ya wallafa a 1946, wanda William Chase da Herbert Simon suka faɗaɗa a Amurka a 1973. An nuna wa 'yan wasa allo na daƙiƙa biyar aka rufe, aka ce su sake jera shi. In jerin na wasan gaske ne, gwani yakan dawo da kusan dukkansa, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai ba bisa wata ma'ana ba, sai fifikon gwani ya kusa ɓacewa. Watau ba ƙarfin harda ba ne, sabo ne da siffofin da ido ya gani sau dubbai. Wasan walƙiya yana fitar da abin da aka riga aka zuba a kai ne, ba ya zuba sabo. Zubawar kuwa tana zuwa ne daga warware matsalolin tarko, waɗanda dandalin biyu ke bayarwa: yadda doki ke kai wa manya biyu hari a lokaci guda, yadda ake ɗaure ɗa a gaban sarkinsa ya kasa motsi, yadda soro ke kashe sarkin da dakarunsa suka toshe masa hanya a layin baya. Minti ashirin kowace rana, a tsanake, har a ga ƙarshen lissafi kafin a taɓa, ya fi wasa ashirin na tsakar dare.

Sai batun agogo. Wasan minti uku da ya kai taku 40 yana ba mutum daƙiƙa huɗu da rabi ne a kowane taku. In ana ƙara daƙiƙa biyu bayan kowane taku, ya zama shida da rabi. Wasan minti 15 mai ƙarin daƙiƙa 10 kuwa yana ba da fiye da rabin minti. A cikin rabin minti ne ake iya koyon tunani. Mai son ci gaba ya mayar da mafi yawan wasanninsa zuwa wannan, ya bar walƙiya ta zama gwaji. Ga mazaunin Bauchi akwai ƙarin dalili: inda layin sadarwa ke rawa, wasan da babu ƙarin daƙiƙa a cikinsa hasara ce da gangan, domin agogo ba ya jiran kowa. In takardar awo ta nuna wasanni da yawa sun tafi ta wannan hanya, gyaran ba a kan allo yake ba, a zaɓen lokaci da wurin zama ne, da cika waya da caji kafin a fara.

Buɗin wasa ba ya bukatar dogon bayani, ko da yake shi ne samari suka fi ɓata lokaci a kansa. Hanya ɗaya in ana riƙe da fari, biyu in ana riƙe da baƙi, sun wadatar shekara guda. Ƙarshen wasa ne ake yi wa rowar lokaci, alhali José Capablanca ɗan Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, da shi ya ce a fara. Sarki da sarauniya suna kashe sarki tilo cikin taku 10 ko ƙasa da haka, sarki da soro cikin 16. Wanda bai iya waɗannan da ido rufe ba, ranar da ya rage masa daƙiƙa goma sai ya matse sarkin abokinsa ya hana shi motsi ba tare da hari ba, wasan da ya ci ya koma canjaras.

Akwai kuma abin da bai shafi allo ba. Mutum ya sha kashi sau biyu a jere, zuciya ta ɗebe shi, ya ce sai ya rama, kafin asuba ya zubar da makin wata guda, gobe kuma akwai lacca a Gubi. Masu koyarwa kan ba da shawarar a ajiye waya bayan faɗuwa biyu. Wani kuma takaici kan kai shi ga buɗe na'ura a waya ta biyu tana gaya masa taku. Dandalin suna rufe asusun masu yin haka, wanda bai shiga hannu ba ma ya tara makin da ba zai iya karewa ba ranar da aka ajiye masa allo a gaba. Malamai dai sun daɗe da saɓani a kan hukuncin shaɗaranji, wannan fagensu ne, amma babu mai saɓani a kan caca, ko shagalar da ke sa a tozarta salla.

DAGA WAYA ZUWA ALLO

Makin dandalin nan, kome yawansa, FIDE ba ta lissafa shi wajen ba da muƙamanta na gwaninta. Ana samun makinta ne a gasar da aka yi wa rajista, gaba da gaba, bayan an kara aƙalla sau biyar da masu maki, kuma tun daga Maris 2024 mafi ƙarancinsa 1400 ne. Muƙamin Gwanin Duniya yana bukatar 2400, na Babban Gwani 2500, ban da wasu sharuɗɗa. Nijeriya, wadda ta kafa hukumarta ta wasan a 1975, ta fitar da Gwanayen Duniya irin su Odion Aikhoje, wanda ya ci lambar zinariya a allo na biyu a gasar ƙasashe ta birnin Elista a 1998. Amma har shekarar 2024 ba ta sami Babban Gwani ba, alhali Amon Simutowe na Zambiya ya samu tun 2009. Tunde Onakoya, wanda ya yi awa 60 yana wasa a birnin New York a Afrilun 2024, ya kuma yi awa 64 a 2025, a shagon aski ya koyi wasan a Ikorodu, a kan allo, yana kallon na gaba da shi.

Bauchi ba ta rasa wurin da za a yi irin wannan zama ba. Sau biyu tana karɓar baƙuncin Gasar Wasanni ta Ƙasa, a 1991 da 2000, shaɗaranji kuma yana cikin wasannin da ake karawa a wannan gasa da ta jami'o'in Nijeriya. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga ta Abubakar Tatari Ali. Abin da gasar farko ke bukata ɗaki ne, da alluna, da agogo, da alƙalin wasa mai lasisi, da rajista ta hannun hukumar ƙasa. A can ɗan wasa zai tarar da dokar da babu ita a waya, cewa ɗan da ka taɓa shi za ka motsa, a dogon wasa kuma dole ya rubuta kowane taku da hannunsa.