Hayar Mararaba, aikin Abuja

Da yawa daga cikin ma'aikatan Abuja ba a cikin birnin suke kwana ba. Tun asuba suke fitowa daga Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja, domin hayar Wuse da Garki ta fi ƙarfinsu. Amma kafin a ce gidan nesa ya fi arha, sai an zauna an yi lissafi.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, kuɗin haya dunƙule ake biyan sa sau ɗaya a shekara, kuɗin mota kuwa kullum yake tsiyaya daga aljihu, ba a jin fitarsa. Don haka a fara mayar da su ma'auni ɗaya. A ce mutum yana kashe naira 3,000 zuwa da dawowa, har da ɗan acaɓan da zai fito da shi bakin titi. A kwanakin aiki 22 ya kashe 66,000 ke nan, kusan mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A shekara kuɗin motar ya tashi 792,000. Wannan adadin za a ɗora a kan hayar Mararaba, sannan a gwada ta da ta kusa da ofis. In maigida da uwargida duk suna fita aiki, sai a ninka.

Daga nan a duba wanne ne ke iya sauyawa dare ɗaya. Wanda ya biya haya ya huta sai baɗi. Amma da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta nan take. Mazauna nesa ne suka fi jin jiki.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba ya shiga lissafin kuɗi: cunkoson motoci a Nyanya, kan hanyar Mararaba zuwa Abuja. Uba ya bar 'ya'yansa suna barci, ya dawo ya tarar sun yi barci.

To me ya sa mutane ke zaɓen nesa duk da haka? Sun iya lissafi sarai. Sai dai mai gidan haya kuɗin shekara yake so a hannu, ga kason dillali a kai. Direba kuwa na yau kaɗai zai karɓa, kuma shi ne abin da mai jiran albashin ƙarshen wata yake iya fitarwa.