Makarantar Bakin Shagon Caji

A wani ƙauye da ke gefen titin Gumel zuwa Maigatari a Jihar Jigawa, in ka ɗauke masallacin Juma'a da filin ƙwallo, babu wurin da ya kai shagon caji tara jama'a. Shagon kwano ne ɗan ƙarami. A kan rufinsa akwai faifan sola, a bayansa kuma janareta na jiran ranar da hadari ya rufe rana. A ciki an kafa katako a bango an jera soket reras, kowane da waya a maƙale. Kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita kuma ya tafi da irin lambar a aljihu. Turakun lantarki sun daɗe da isowa garin, amma babu mai jiran wuta kafin ya yi caji.

Mai shagon saurayi ne da ya gama sakandare, ya je Kano ya zauna a kasuwar waya ta Farm Centre ya koyi gyara, ya dawo gida da kayan aikinsa da na'urar POS. Yana caji, yana sayar da kati da data, yana tura wa mutane fina-finan Indiya masu fassarar Hausa da tafsirin malamai a mimori, yana cire kuɗi yana turawa. Akwai kuma aikin da bai rubuta a allon shagon ba, wanda ba a biyansa ko sisi a kai: shi ne malamin kwamfuta na garin. A kan bencinsa yara ke koyon buɗe Facebook, da tura bidiyo ta Xender, da gane wane kamfani ne datarsa ta fi auki tun bayan ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta amince da shi a watan Janairun 2025.

Ba wai makarantar gwamnati ba ta koyar da kwamfuta ba. Darasin na nan a jadawalin ƙaramar sakandare. Malami kan zana na'urar da alli, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta da Turanci, su ci jarrabawa. Amma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, don haka ɗan ƙauye da yawa sai saura kwanaki jarrabawa yake fara ɗora hannu a kan linzaminta. Rajistar ma wani ke yi masa a birni. Tun 2021 sai da lambar NIN, kuma layin wayar da aka yi rajista da shi yana ɗaure da sunan ɗalibin har ya samu gurbi. Yaron da ya ari layin yayansa, yayan kuma ya tafi cirani Fatakwal da layin, ya san abin da nake nufi. Akwai kuma waɗanda mai shagon rajistar ne ya buɗe musu imel, ya zaɓa musu lambar sirri, ya kuma riƙe ta a wurinsa. Yaron bai tambaya ba, don bai san abin tambaya ba ne.

Nasihar da ake yi a rediyo da saƙonnin banki guda ce: kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka. Magana ce mai kyau, sai dai an tsara ta ne don mutumin da ke da wayarsa shi kaɗai, yake karanta saƙonsa da kansa. A wannan gari waya ɗaya kan bi ta hannu biyar kafin rana ta faɗi. Maigida ya bar ta a shagon caji da safe, yaro ya karɓo da azahar, uwargida ta saurari saƙon muryar 'yarta da ke aure a Haɗeja, da daddare ƙanen maigida ya ara ya kalli ƙwallo. Dattawa da yawa sun iya ajami da karatun allo amma ba su karanta boko, saƙon banki kuma da Turanci yake zuwa. Duk gidan da ka shiga za ka tarar da yaro ko yarinya guda da ake kira da zarar waya ta yi ƙara. Shi ke karanta alat, shi ke danna tiransifa, shi ya san lambar sirrin uwa da ta uba da ta kaka. Tsaron dukiyar gidan gaba ɗaya yana hannun ɗan shekara sha biyar, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ɗan damfara ke magana.

Abin bai yi tsanani haka ba sai bayan canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 kuwa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Manomin da ya kai riɗi ko zoɓo kasuwa, da mai raguna a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, dole suka yarda da tiransifa. Cikin 'yan makonni aka buɗe asusun OPay da PalmPay da Moniepoint a wayoyin da a da kira kawai ake yi da su. Tsabar kuɗi ta dawo daga baya, amma ɗabi'ar ta zauna. Mutane sun shiga harkar banki ta waya a guje, babu wanda ya tsaya koyo.

Ka tsaya bakin shagon ranar kasuwa ka ga yadda ake yi. Tsohuwa za ta zo ta kwance bakin zaninta ta fito da katin ATM naɗe a leda, ta ce, "Ɗan nan, duba mini ko yaron nan ya turo." A bayan katin an manna farin salatif, an rubuta lambobi huɗu da biro. In babu salatif, da baki za ta faɗa, da ƙarfi kuma, don kunnenta ya yi nauyi, samarin da ke kan benci duk suna ji. Mai shagon ya ce, "Inna, a daina faɗa a fili, zo ki danna da kanki." Ita kuwa ta yi dariya ta ce duk 'ya'yanta ne a wurin, wa za ta ɓoye wa? Gaskiyarta, a garin da kowa ya san kakan kowa, ɓoye lamba ga ɗan maƙwabci kamar zarginsa da sata ne. Wannan yarda ita ke riƙe da garin, kuma ta nan ɓarawon nesa ke shigowa.

Shi ɓarawon nesa yanzu da Hausa yake kira. Zai yi sallama cikakkiya, ya gaida mutum da gajiya, ya ce daga banki ne, za a rufe asusu saboda BVN bai haɗu da NIN ba. Maganar tana shiga kunne, domin mutane ba su manta yadda aka riƙa toshe layuka ba bayan umarnin haɗa sim da NIN na watan Disambar 2020. Wani lokaci ma zai faɗi cikakken sunan mutum. Daga nan sai ya nemi lambobin gaban kati, da ukun bayansa, sa'an nan ya ce za a turo wata lamba ta tes yanzu, a karanto masa. Wannan ta ƙarshe ita ce makullin. Banki ne ya turo ta don tabbatar da cewa mai asusun ne ke cire kuɗi, kuma ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarta. Haka ake ƙwace WhatsApp: a kira saurayi a ce an sa shi a zauren tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar matasa, ya faɗi lambobi shida da suka shigo masa. Kafin magariba an riga an bi 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya da sunansa, wai yana asibiti a taimaka.

Sai kuma linkin tallafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnati ta yi ta sanar da shirye-shiryen rage raɗaɗi, 'yan damfara kuma suna biye da kowace sanarwa da tasu. Hoton tambarin gwamnati, alƙawarin dubban nairori, fom mai neman BVN da ranar haihuwa, da sharaɗin sai ka tura wa mutum goma sha biyar. Wanda ya turo maka ba maƙiyinka ba ne, kawunka ne, kuma da kyakkyawar niyya ya turo.

A nan zan ɗan kare samarin, don ana yawan yi musu kallon masu kwaɗayi. A 2024 da guguwar mainin kuɗin kirifto ta taso, har layi ake yi a shagon. Wasu a birane sun samu kuɗi na gaske daga Notcoin a watan Mayun shekarar, labari ya bazu, sai kowa ya koma dangwalar fuskar waya a Hamster Kombat ta Telegram, dare da rana, har da masu riƙe waya biyu. Da aka raba ladan a watan Satumba, abin da da yawa suka samu bai biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. An yi musu dariya sosai. Amma saurayin da rani ya same shi babu aikin yi, gona ta huta sai damina, me ake so ya yi da yatsunsa? Kuma a wannan wahalar banzar ce da yawansu suka fara sanin imel, da kalmomin sirri na asusun kirifto, da bambancin manhajar gaske da jabu. Abin da ya fi ciwo shi ne irin tsarin zuba kuɗi na CBEX da ya rushe a watan Afrilun 2025 bayan alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, kamar yadda MMM ya yi da iyayensu a ƙarshen 2016. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kowa ya san karin maganar, sai dai tana wuyar tunawa idan abokinka ya nuna maka alat a wayarsa.

'Yan mata ba sa zama a bencin shagon. Ƙanensu suke ba wa waya ya kai caji ko gyara, a buɗe, da hotunan biki da saƙonnin saurayi a ciki. Mai gyara na kirki ba ya leƙawa, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, yaron aiken ma yana da abokai. Akwai kuma wanda zai shigo ta Facebook ko TikTok da hoton wani, ya yi ta kalaman aure na makonni, ya nemi hoto, daga baya ya juye ya ce ko kuɗi ko ya watsa. Ba ƙaramar sana'a ba ce a ƙasar nan: a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da hannu a irin wannan barazana, ko da yake galibin waɗanda aka fi hara mazan Amurka ne. A ƙauye makamin mai barazanar shi ne kunya. Yarinyar ta san in magana ta fita, ita za a fara tuhuma, wataƙila a fasa aurenta, tabbas kuma a ƙwace wayar. Sai ta sayar da 'yar akuyarta ta biya, shi kuwa ya dawo neman ƙari. Iyayen da suke ganin maganin abin shi ne hana waya gaba ɗaya, a ganina suna ƙara wa mai barazanar ƙarfi ne, domin yarinyar da ke amfani da waya a ɓoye ba ta da wanda za ta kai wa kuka.

Dokoki kam akwai. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, akwai ta kare bayanan jama'a ta 2023. A bakin shagon an fi sanin ta farkon da cewa ita ce ake kama masu zagin manya da ita, abin da ya sa wasu samarin suka fara tauna magana kafin su ɗora bidiyo.

Abin da ke aiki a garin ƙanana ne, kuma daga hannu zuwa hannu suke tafiya. Mai shagon ya koyi juya wa mutum na'urar POS ya kau da kai. Duk wanda ya buɗe wa WhatsApp sai ya sa masa makulli na biyu, duk wanda ya sayi sabon layi sai ya nuna masa yadda ake kulle sim da lamba, domin ɓarawon waya sau da yawa sim ɗin yake so, da shi zai shiga asusu. Wani malamin firamare ya roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa banki ba ya kira ya tambayi lamba, kuma sanarwar ta fi allon talla goma tasiri. Wata malamar Islamiyyar matan aure takan ɗauki mintuna kaɗan bayan darasi ta karɓi wayoyin ɗalibanta ta nuna musu yadda ake toshe baƙuwar lamba da yadda ake kulle hotuna kafin a ba da gyara. Ita ce kaɗai hanyar da irin wannan ilimi ke shiga cikin gidaje.

Idan kuwa an riga an yi ɓarnar, galibin bankuna na da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take, kuma mai shagon ya rubuta na bankunan da aka fi amfani da su a jikin kwali ya rataye kusa da soket. Sauran aikin sai an je reshen banki a Gumel, a hau layi, a cika fom. Wanda aka kwashe wa dubu bakwai yakan lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa da yinin da zai rasa a gona, ya ce ya bar wa Allah. Shi ya sa ƙorafin irin waɗannan ƙauyuka ba ya kaiwa teburin kowace hukuma, masu kiran kuma sun fi son su cire kaɗan-kaɗan daga mutane da yawa.