Gamba a Kan Iyaka

Ka bi hanyar Kano zuwa Katsina da damina, ka duba dama da hagu idan ka doshi Bici. Gero ya jingina da dawa, dawa ta jingina da gyaɗa, babu daji babu saura. Inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan haka, ba a ƙwace gona da rana tsaka, cin iyaka ake yi. Lokacin huɗa mai garma ya ɗan karkata shanunsa, kunya ɗaya ta shige wajensa. In ka yi magana a ce a kan kunya guda za ka ɓata zumunci? In ka yi shiru, baɗi a ƙara wata. Kafin shekara goma ɗorawar da kakanka ya bari tana zubar da 'ya'ya a gonar wani.

Kakana gamba yake dasawa a jere a kan iyaka. Da kaka a yanke ta a saƙa zana, da rani awaki su cinye abin da ya rage, amma ruwan farko na sauka za ta tofo daidai inda take. Bai taɓa ɗaga wa maƙwabci fartanya ba, kuma har ya rasu gonarsa ba ta ragu da taki ɗaya ba.

Zaman Bahaushe Kirista a ƙauyukanmu yakan tuna mini da wannan. Mu ba baƙi ba ne. Yawancinmu jikokin Maguzawa ne da suka karɓi bishara ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954, kuma tun 1932 ake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kowa na tuna manyan tashe-tashen hankula, irin rikicin Kano na Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, da kisan Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022. Waɗannan su rediyo ke faɗa. Abin da mutum ke gamuwa da shi ran Litinin da safe kuwa, kunya-kunya yake zuwa.

Ɗan wana ya je neman aiki wani ofishi a birni. Dattijon da ya karɓi takardunsa ya dube shi da tausayi, ba da mugunta ba, ya ce, "Yaro, wannan suna naka na coci shi zai kashe maka kasuwa. Ka sauya shi mana, ai takarda ce kawai." Ita ma kunyar farko ai kunya ce kawai. Bayan suna sai a ce ka daina cewa Lahadi kana da sujada, sai ranar da za a zagi 'yan'uwanka a gabanka ka taya dariya don kada a gane ka.

Sai dai akwai masu kuskuren da ya fi wannan ba ni haushi, masu mai da ko'ina iyaka. Kakana bai dasa gamba a burtali ba, bai kuma toshe 'yar hanyar da matan unguwa ke bi zuwa rijiya ba. Da azumi ba ma ci a gaban mutane. Ana suna muna nan, ana ta'aziyya muna kan tabarma. Da Kirsimeti maƙwabcinmu Musulmi muke kira ya yanka akuyar, don kowa ya ci da kwanciyar rai, shi ma da layya ya aiko da cinya. Duk wannan hanya ce, a bar mutane su wuce. Wanda ya yi faɗa a kan hanya, ranar da aka taɓa iyakarsa ta gaskiya ba zai sami mai shaida ba.

Shaida kuwa ita ce rabin magana. Manomi mai hankali ba adda yake ɗauka ba, mai unguwa yake kira da dattawan da suka san inda gambar take. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da na sauya shi, kuma kai ƙara da ladabi ba rashin haƙuri ba ne.

Ba zan ce gamba na hana asara ba. A Littafi Mai Tsarki, Nabot ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar gadonsa, aka jefe shi. Leah Sharibu na da shekara 14 aka sace ta tare da 'yan matan Dapchi a Fabrairun 2018. A watan Maris aka sako sauran da ke raye, ita aka riƙe ta don ta ƙi barin addininta.

Ɗan wana ya yi wa dattijon ofishin nan godiya har da rusunawa, ya ce, "Baba, a bar sunan yadda uwata ta raɗa." Ba a kira shi ba. Yanzu noman rani yake a Watari, wajen Bagwai, albasa da tumatir. Injin ban-ruwan nasu na haɗin gwiwa ne shi da wani Alhaji, ran Juma'a yana hannun ɗan wana, ran Lahadi yana hannun Alhajin.