Diyyar Raunin da Ba Ya Zubar da Jini a Ramukan Kwal na Ingila

Dokar diyya ta Ingila ta daɗe da sanin yadda ake ƙiyasta kuɗin karayar ƙafa ko huhun da ƙurar kwal ta cinye, domin likita yana iya ɗaukar hotonsu ya ajiye a gaban alƙali, amma lamarin yakan rikice idan mahaƙi ya fito daga rami babu ko ƙwarzane a jikinsa, alhali barci ya ƙaurace masa, ƙarar ƙarfe tana razana shi, kuma ya kasa sake shiga ƙarƙashin ƙasa. Kotu ba ta biyan diyyar jimami kawai, sai likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar da wata cuta sananniya, kamar ciwon damuwa ko larurar firgici mai biyo bayan bala'i, wadda likitocin Amurka suka shigar cikin kundinsu a 1980.

Ko an tabbatar da cutar, da sauran rina a kaba, saboda alƙalai sun kasa masu ƙara gida biyu. Akwai wanda haɗarin ya rutsa da shi, wato shi kansa ya shiga bakin halaka, akwai kuma wanda shaida ne kawai, kuma tun hukuncin 1991 kan turmutsutsun filin ƙwallon Hillsborough aka gindaya wa na biyun sharuɗɗa masu tsauri: kusanci da mamacin irin na iyaye ko ma'aurata, da ganin abin ko jin sa da kansa a wurin. Abotar wurin aiki ba ta cika isa wannan mizani ba, duk da cewa mahaƙa suna riƙe da rayukan juna a hannu kullum.

Shari'ar Hunter da Hukumar Kwal ta Birtaniya ta nuna tsananin wannan iyaka. A 1990, a mahaƙar North Selby, wani direba, wato Hunter, ya bugi famfon ruwa da motarsa a wata ƙuntatacciyar hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ya yi ƙoƙarin rufe shi tare da abokin aikinsa bai yiwu ba, sai ya tafi neman tiyo. Yana da nisan kimanin mita 30 famfon ya fashe ya kashe abokin, shi kuwa bai ga haɗarin ba, sai bayan wasu mintuna aka ba shi labari, daga nan ya ɗora wa kansa alhakin mutuwar har ciwon damuwa ya kama shi. Kotun farko ta ba shi diyya, amma a 1998 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ta da rinjayen alƙalai biyu, bisa hujjar cewa ba ya wurin kuma da baki aka sanar da shi. Wannan hujja tana da rauni, domin abin da ya karya mutumin shi ne yaƙinin cewa hannunsa ne sanadi, kuma irin wannan nauyi ba ya raguwa da tazarar mita. Alƙali na uku, Hobhouse, ya ƙi amincewa da 'yan'uwansa, yana ganin direban ya cancanci diyyar.