Maganin da Aka Janye da Shanyewar Ɓarin Jiki: Abin da Majiyyaci Ya Kamata Ya Sani

A ranar 30 ga watan Satumba, 2004, kamfanin Merck na ƙasar Amurka ya janye maganinsa mai suna Vioxx daga kasuwannin duniya baki ɗaya. Tun shekarar 1999 likitoci suke rubuta wannan magani ga masu fama da ciwon gaɓoɓi. Binciken da kamfanin da kansa ya gudanar ya nuna cewa masu shan sa kullum har fiye da wata 18, haɗarin kamuwarsu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya kusa ninka na waɗanda ba su sha ba.

Dalili kuwa shi ne, maganin yakan rage wani sinadari da ke hana jini daskarewa a cikin jijiya, yana kuma ƙara hawan jini. Idan gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Mutane da yawa sukan ɗauka iska ce ta bugi mutum, su tsaya neman turare da rubutu. Wannan jinkiri shi ke jawo hasara. Mazauna Keffi da kewaye, lalle ne su garzaya da majiyyaci Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke garin nan take. Ba a sayar da Vioxx yanzu, amma danginsa irin su diclofenac, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, su ma suna da irin wannan haɗari idan an daɗe ana sha, musamman ga mai hawan jini.

Wanda magani ya cutar yana da hanyoyin neman hakkinsa. Zai iya kai rahoto ga hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ko kuma ga hukumar kare hakkin masu saye, watau FCCPC. Yana kuma iya shigar da ƙarar neman diyya a babbar kotu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, sai ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin talakawa.

Samun diyya ba mafarki ba ne. A 2007 Merck ya amince ya biya dala biliyan 4.85, amma ga masu ƙara a Amurka kaɗai. A nan gida, bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, an sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Sai da aka shekara 13 ana jira, kuma an buƙaci iyalai su kawo hujjar cewa 'ya'yansu na cikin waɗanda aka yi wa gwajin.

Kotu da hujja take aiki. Saboda haka a adana katin asibiti, da takardar da likita ya rubuta, da kwalin maganin mai ɗauke da lambarsa, da rasit ɗin saye. Doka ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, wanda idan ya wuce kotu ba za ta saurara ba, don haka a tuntuɓi lauya da wuri. Kada kuma a daina shan wani magani da likita ya rubuta sai an koma wurinsa ya canza shi.