Ƙiriniya Ce Ko Lalura? Yadda Ake Gano ADHD a Matasa

A Yankwashi da Roni da Gwiwa, yaron da ba ya zama wuri ɗaya mai ƙiriniya ake ce masa, ana kuma sa ran girma zai raba shi da ita. Galibi haka ake yi. Amma akwai waɗanda ke kaiwa ajin ƙarshe na sakandare, ko su shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, har yanzu ba sa iya bin darasi zuwa ƙarshe. Su ɓatar da katin jarrabawa, a aike su kasuwa su dawo da rabin saƙo. Wasunsu na fama da lalurar da likitoci ke kira ADHD: ƙarancin natsuwa, yawan motsi, da aikata abu kafin tunani. Kimanin yara 5 cikin 100 a duniya ke da ita, kuma takan bi jini.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta. Da tambayoyi ake gano ta. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ta kasa alamomin gida biyu, tara na rashin natsuwa, tara na yawan motsi da gaggawa. Wanda bai kai shekara 17 ba sai an samu shida daga gida ɗaya, daga 17 zuwa sama biyar sun isa. Dole alamomin su ɗauki aƙalla wata shida, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta ko wurin koyon sana'a, kuma suna jawo cikas na gaske.

Sharaɗin da ya fi muhimmanci ga matasa shi ne alamomin su kasance sun fara kafin shekara 12. Saurayin da ya tashi da natsuwarsa, sai yana da 18 ya birkice, wani abu ne daban ke damunsa. Likita zai tambayi batun tiramadol da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a 2018. Zai duba damuwa, da raba dare a kan waya, da ƙarancin jini, da matsalar ji ko gani, har da wani nau'in farfaɗiya da ke sa yaro ya yi sororo na 'yan daƙiƙoƙi.

Shi ya sa zuwan matashi asibiti shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin ba kowa ke tuna yadda yake yana ɗan shekara bakwai ba. A tafi da mahaifiya ko kakar da ta raine shi, a ɗauko tsofaffin takardun sakamakon firamare, a kuma ji ta bakin malamin makarantar allonsa. A ganina shaidar wannan malami ta fi ta kowa nauyi, tunda shi ya ga yaron zaune cikin sa'o'insa shekara da shekaru.

'Yan mata ne aka fi tsallakewa. Tasu ba ta cika zuwa da guje-guje ba. Yarinya na zaune shiru hankalinta na wani wuri, a yaba mata da kunya, in tuwo ya ƙone a ce shiririta ce.

Ana iya farawa daga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka. Idan aka tabbatar, akwai horo kan tsara lokaci da sauƙaƙa yanayin karatu, akwai kuma magani irin su Ritalin, wanda likita ne kaɗai ke rubuta shi yana bibiyar barci da cin abinci da hawan jinin mai sha.