Alhaji, Me Aka Rubuta a Bizarka?

Daga watan Rajab zuwa Sha'aban zancen tafiya Saudiyya kan yi yawa a majalisun Gwarzo da Kabo. Wani ya sayar da shanu zai yi Umarar azumi, wani 'ya'yansa da ke Kano ne suka haɗa masa kuɗi, wata ta kwashi adashi ta cika da kuɗin gyaɗa. Tambayoyin da ake yi wa ejan ba sa wuce uku: nawa ne, yaushe jirgi zai tashi, masauki yana kusa da Harami ko da nisa. Da wuya ka ji wanda ya ce, wace irin biza za a buga mini, kuma ina da ina ta ba ni damar zuwa? Alhali wannan tambayar ce ke raba wanda zai yi ibadarsa cikin natsuwa da wanda zai kwana a hannun askarawa.

Mutanen wannan yanki ba baƙin tafiya ba ne. Sunan Kabo kansa ya daɗe yana sauka a filin jirgin Jidda, a rubuce a jikin jiragen Kabo Air, kamfanin da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa a 1980, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai da manyan jirage ƙirar Boeing 747. Kafin zamanin jirgin sama kuwa, da ƙafa da jaki ake tafiya, daga baya a mota: Borno, Fort Lamy da yanzu ake kira N'Djamena, Abeche, El Fasher, El Obeid, har a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake jiran jirgin ruwa. Tun a wancan lokaci akwai hanya biyu. Akwai ta hukuma, mai neman fasfo da lamba da zaman killacewa da kuɗin dawowa. Akwai kuma ta bayan fage, inda masu ƙananan jiragen ruwa ke kwasar waɗanda ba su da takarda cikin dare su sauke su a wata gaɓa da babu kowa, su ƙarasa da ƙafa in da sauran kwana. Mutane da yawa ba su kai ba. Abin da ya canza a yau shi ne mai ƙaramin jirgin ya koma ofis, yana da kwamfuta da lambar WhatsApp.

Don a gane yadda biza ke aiki, yana da kyau a dubi wata irin tafiya da ba mu saba da ita ba. Akwai manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, masu ɗaukar mutum dubu uku ko huɗu, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci a ciki. Jirgin kan kwana yana tafiya, da safe ya tsaya a tashar wata ƙasa, fasinjoji su sauka su zaga gari, kafin magariba su dawo ya ƙara gaba. Mai sauka yana da zaɓi: ko ya bi ayarin da kamfanin jirgin ya shirya, da mota da ɗan jagora, ko ya kama gabansa shi kaɗai. Wanda ya bi ayari, in motarsu ta makara jirgi zai jira su. Wanda ya tafi shi kaɗai ya makara, zai tarar jirgi ya ɗaga, sai ya nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, wataƙila a ƙasar da ba shi da izinin kwana.

Birnin Saint Petersburg na Rasha ne ya fi shahara da wannan tsari, kafin manyan kamfanoni su daina zuwa can a 2022 saboda yaƙin Yukiren. An yarda fasinjan jirgin ruwa ya shiga birnin ba tare da biza ba har awa 72, bisa sharaɗin yana cikin ayarin kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi, kuma a jirgi zai kwana. In yana son ya fita shi kaɗai ya shiga kasuwa, dole ya nemi cikakkiyar biza tun daga gida. Dalilin a fili yake. Ƙasa tana sassauta wa baƙo ne idan akwai wanda ya tsaya masa, wanda za a riƙe in baƙon ya ɓace. Idan babu mai tsayawa, sai a koma bincikar mutum shi kansa. Mai fasfon Najeriya da ya sayi tikitin irin wannan jirgi a Bahar Rum ma sai ya riƙe bizar Shengen ta ƙasashen Turai kafin a bar shi ya hau, kuma idan jirgin zai fita daga Italiya ya taɓa Turkiyya ya dawo Girka, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Saudiyya ita ma ta fara karɓar irin waɗannan jirage a tashar Jidda tun 2021.

To, alhajin Getso ko na Garo da ya biya kujera ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano, a irin wannan tsari yake tafiya, ko da bai taɓa ganin teku ba. Bizar Hajji biza ce ta ayari. Tana fitowa ne daga cikin kason da aka ware wa ƙasa, wanda ya kasance kujeru 95,000 ga Najeriya a 2023 da 2024, ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda ke raba su tsakanin jihohi da kamfanonin jirgin yawo. Tana ɗaure da masauki sananne a Makka da Madina, da tanti a Mina da Arfa, da motar da za ta ɗauke shi. Shekaru da dama, da zarar alhaji ya sauka ake karɓar fasfonsa, fasfon ya zauna a ofishin muɗawwifai sai ranar komawa. Tun 2024 kuma aka shigo da katin Nusuk, wanda alhaji ke ratayawa a wuya, da hotonsa da wata alama da jami'i ke haskawa da waya, nan take sunansa da masaukinsa da kamfanin da ke kula da shi su fito. Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta bayyana cewa wannan biza ta Jidda da Makka da Madina ce kawai, ba ta aiki ba ce, ba ta zama ba ce, ba kuma ta zuwa wasu garuruwa ba. Saboda haka alhajin da ya gama jifa ya ce bari ya leƙa Riyad ya gai da ɗan'uwansa, ya saɓa sharaɗin takardarsa ko da niyyarsa zumunci ce.

Bizar Umara daban take, kuma a nan ne ake da sarari. A 2022 Saudiyya ta tsawaita wa'adinta daga kwana 30 zuwa kwana 90, ta kuma ba mai riƙe da ita damar zagaya garuruwan ƙasar. Mai Umara yana iya hawa jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 ya tafi Madina shi kaɗai cikin kamar awa biyu da rabi, yana iya ɗaukar mota ya hau Ɗa'ifa, ya je Badar, ya kwana biyu a Jidda yana sayayya. Ni ina ganin wannan alheri ne babba, domin ziyarar ayari sau da yawa gaggawa ce. A sauke mutane a Uhudu, kafin dattijo ya gama sallama ga shahidai direba ya fara danna ham. Wanda ya karanta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da haƙƙin ya so ya tsaya ya dubi dutsen maharba da kyau, ya zauna a Ƙuba har zuciyarsa ta gamsu. Son fita daga ayari ba laifi ba ne, in dai takardar da ke hannu ta yarda da hakan.

Sai dai ita ma bizar Umara tana da ranar da take mutuwa, kuma ba lallai ta cika kwana 90 ɗin ba. Idan lokacin Hajji ya matso, hukuma kan sa ranar da kowane mai Umara zai fice. A 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu, wato 1 ga Zulƙida, kuma daga ranar aka hana duk baƙon da ba shi da bizar Hajji shiga Makka ko zama a cikinta. Wanda aka kama yana neman yin Hajji babu izini, tararsa ta kai riyal 20,000, a mayar da shi gida, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Wanda ya ɗauko shi ko ya ba shi masauki, tasa ta kai riyal 100,000. Kamfanin Umarar da bai kai rahoton mutuminsa da ya ƙi fita ba shi ma haka. Wannan ne ya sa kamfanonin kirki ke matsa wa mutanensu da kira da ƙirga kai. Wuyansu ne a ciki.

A nan ne mugun ejan ke samun ƙofa. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, kuɗin da manomi zai yi shekaru yana tarawa. Sai wani ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe da dattijo, ya ce, “Baba, kada ka damu, akwai hanya mai sauƙi. In dai ka shiga ƙasar ai shi ke nan, muna da mutane a can, za ka zauna wurinsu har Arfa.” Abin da zai buga masa bizar ziyara ce, ko ta Umara da za ta mutu kafin Zulhajji. Dattijon ba ya karanta Larabcin ofis, ba ya karanta Turanci, ya ga hotonsa a takarda da tambarin dabino da takubba, ya yi hamdala. Bai san cewa a wata kusurwar takardar an rubuta ƙarara cewa ba a yarda a yi Hajji da ita ba.

An ga ƙarshen wannan hanya a Hajjin 2024. Zafi ya kai maki 51.8 a Makka, kuma ministan lafiya na Saudiyya, Fahad Al-Jalajel, ya sanar da mutuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu marasa izini. Ba wai zafin ya zaɓe su ba ne. Mara izini ba shi da tanti mai na'urar sanyi, ba a ɗaukarsa a motar alhazai, ba ya shiga jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Arfa. Daga Makka zuwa Arfa kusan kilomita 20 ne, kuma shi da ƙafa zai yi su, yana kauce wa shingen jami'ai ta bayan duwatsu, a kan kwalta da ta sha rana, da gorar ruwa ɗaya a hannu. In jiri ya kama shi yana tsoron zuwa asibiti kada a gane shi. In ya faɗi, babu kati a wuyansa da zai nuna ko shi wane ne, shi ya sa aka daɗe ana neman sunayen wasu gawarwakin. Bayan haka Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 da suka kai mutane ta wannan hanya.

Mu ma mun ga namu tun kafin nan. A watan Nuwamban 2023 wani jirgin Air Peace ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano da fasinja 264, da suka sauka a Jidda aka ce an soke bizarsu. Bayan kai-komo aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba wajen neman rukunin bizar da bai shafe su ba. Duk wanda ya san yadda ake tafiya daga ƙauyukanmu ya san cewa matafiyi ba shi ke cike fom da hannunsa ba. Fasfo yake miƙawa da kuɗi, ya koma gida ya jira kira. Amma a gaban jami'in shige da fice, sunan da ke jikin fasfo shi ake tuhuma.

Wanda ya zarce wa'adi kuma, ko da gangan ko da rashin sani, ya shiga rayuwar da muka sani da takari: babu igama, babu fita da rana cikin kwanciyar hankali, kullum ido na kan motar shurɗa, ƙarshenta gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, da hoton yatsu da zai rufe masa ƙofa shekaru. A da mutum kan canza suna ya sake fasfo ya koma. Yanzu yatsa da fuska ake dubawa, kuma su ba sa canzuwa.

Alhazan hukuma suna da bita. Ana tara su a cibiyar ƙaramar hukuma, malamai su koyar da ɗaura harami da ɗawafi da sa'ayi, jami'in alhazai ya yi bayanin kaya da guzuri. Ya kamata a ware zama guda a ɗauko takardar biza ta gaske, a nuna wa mutane layin da ke faɗin nau'inta da layin da ke faɗin kwanakinta, a fassara musu da Hausa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu Umara da masu bin ejan, domin su babu mai tara su. Limaman Juma'a na Gwarzo da Kabo, da na Kutama da Lakwaya da Gude da Durun, suna da mumbarin da ya fi kowace sanarwar rediyo isa ga waɗannan mutane, kuma watan Rajab ne lokacin da ya dace a yi maganar, kafin kuɗi ya bar hannu. Haka 'yan boko na gida, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗaliban jami'a: in kawu ko gwaggo za su yi tafiya, a karɓi takardar a karanta musu.

Kafin a biya cikon kuɗi, a nemi ejan ya nuna lasisinsa na NAHCON, domin ita ke ba kamfanonin Hajji da Umara izini, kuma takan fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. A sa ya faɗi nau'in bizar da bakinsa a gaban shaidu, a rubuta a jikin rasit tare da ranar dawowa. Dokokin Saudiyya suna sauyawa kusan kowace shekara, don haka abin da maƙwabci ya yi bara ya wuce lafiya ba hujja ba ne bana, sai an sake tambaya a ofishin alhazai na ƙaramar hukuma. Idan ejan ya ce Hajji za a yi amma babu sunan mutum a kason hukumar jiha ko na kamfanin jirgin yawo mai kujeru, a karɓi fasfo a dawo gida.